Baba Ba Ya Karɓa da Hagu

A gidanmu na Kano, in kana son ganin ɓacin ran Baba, to ka shigo da karta. Ba sai an kama ka kana bugawa ba, ganin kwalinta a aljihunka ma ya isa. Lido bai tsira ba, don a wajen Baba duk abin da za a jefa a zauna jiran sa'a ƙanin caca ne. Ina firamare na taɓa aro wata 'yar na'urar gem a wajen abokina, irin mai kukan tsit-tsit ɗin nan. Baba ya karɓe ta ya jefa a aljihun babbar riga, ya taka har gidansu yaron ya miƙa wa ubansa, ya haɗa masa da nasihar da bai nema ba. To ni ɗin nan da aka hana, ni ne na girma na zo London, na samu aiki, na yi aure, sannan na cika kusurwar falona da tsofaffin na'urorin gem na Japan, waɗanda su kansu Japanawan sun manta sun ƙera su. Matata kusurwar jari-bola take ce wa wajen. In tsokanarta ta motsa kuma, ni ne shugaban 'yan gwangwan na unguwarmu, Camberwell.

Kada ka ɗauka Baba mugu ne. Mutum ne dai da ba ya faɗin ƙauna da baki. Ni kaɗai ne namiji a 'ya'yansa, kuma tun da na iya zama da kaina kwano ɗaya muke ci da shi, a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Ba a magana in ana ci. Amma in tsokar nama ɗaya ce a miyar, sai ka ga babban yatsansa ya turo ta gefena a hankali, shi kuwa yana kallon katanga kamar bai san abin da hannunsa yake yi ba. In na ce, "Na gode, Baba," amsar ba ta canzawa: "Ci abincinka." Har na yi gemu haka muke, duk sanda na je hutu.

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, da ya ɗan farfaɗo sai muka ɗauko shi zuwa nan, don akwai babban asibitin koyarwa kusa da flat ɗinmu, da ƙafa ma ana zuwa. Allah ya taimaka ƙafar ta dawo, da 'yar sanda yana takawa. Baki ya dawo, har da faɗan. Hannun dama ne ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Kantin Kwari yana warware shadda da hannu ɗaya, yana gaisawa da rabin Kano da shi kafin azahar, ga shi ba ya iya ɗaga kofin shayi.

Ranar da ya sauka, matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta shimfiɗa leda a kan kafet, ta kawo ruwan wanke hannu ta durƙusa ta ajiye. Na zauna na buɗe kwano, raina fes, na ce, "Baba, bismillah."

Ya kalli kwanon, ya kalli hannunsa. Ya ce, "Alhamdulillahi. A kai min ɗaki."

Na ɗauka gajiyar jirgi ce. Ashe haka za mu zauna. Safe, rana, yamma, a kai masa ɗaki, ya tura ƙofa, ya ci da cokali a hannun hagu ba wanda ya gani. Rabin abincin yake dawowa. Agogonsa ya fara juyawa a wuyan hannunsa, hularsa ta fara sauka har kan kunne. Ni kuwa ina falo ina ci ni kaɗai, ubana yana bayan wata 'yar ƙofar katako da in na yi tari zai ji. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na gwada masa ta hanyar malamai. Na ce ai lalura ce, addini ya sauƙaƙa, wanda ba shi da iko da dama ya ci da hagu. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Kai, tun ba a haife ka ba na san wannan hukuncin. Ni na ce maka haramun ne? Ba dai zan zauna gaban ɗana da matarsa ina kai tuwo baki da hannun tsarki ba. A bar maganar." Aka bar ta.

A asibiti akwai wata Baturiya mai gashin ƙashi, physio ɗinsa, mace mai fara'a da haƙuri. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da 'yan maƙalan shanya ya riƙa buɗewa da babban yatsa. Ta gaya min ƙarara cewa hannun yana da sauran rai, amma in aka bar shi kwance zai sandare a haka. Na fassara wa Baba. Ya gyaɗa mata kai ya ce, "Thank you, doctor." Muna fitowa ya ce min, "Da furfurata zan zauna ina matsa ƙwallo kamar ɗan yaye?" Ƙwallon nan ƙarshenta tokare ƙofar ɗakinsa aka yi da ita. Maƙalan kuwa matata ta samu na shanya safa.

Wata Asabar da rana, ana ta yayyafin nan na London da ba ya jiƙa ka sosai kuma ba ya barinka ka fita, na zauna ina goge kasusuwan gem ɗina, wato kaset-kaset ɗin da ake sokawa a na'ura. In ka sayi tarin tsofaffin kasusuwa daga Japan, dole ka tarar da na wani wasa wai shi majong a ciki, biyu ko uku, don ba mai son su. Gyara ce kawai, irin wadda mai tumatir yake jefa maka a leda. Ban taɓa buga su ba, amma na ce bari in ga ko suna aiki. Na ɗauki ɗaya na hura cikinsa kamar yadda duk mai tsohuwar na'ura yake yi kafin ya soka.

Baba yana kan kujera a bayana, da carbi a hagu. Ya ce, "Tofi kake masa?"

"Ƙura nake hurewa, Baba."

Talabijin ya kawo wani koren tebur, da 'yan fararen duwatsu masu kusurwa huɗu a jere, da wani kiɗa siriri kamar na motar mai sayar da askirim. A gefe ga fuskokin mutum uku da aka zana da 'yan ɗige-ɗige.

"Karta ce?"

Gabana ya faɗi, ni da nake da furfura biyu-uku a gemu. Na ce, "A'a, Baba. Darar Japanawa ce." Na san dara kaɗai ya ɗaga wa ƙafa, don mahaifinsa ya buga ta.

"Dara da mutum huɗu?"

"Su haka tasu take."

Bai tashi ba. Na shiga yi masa bayanin ɗan abin da na sani. Kowa yana da jerin duwatsunsa a gabansa. In layi ya zo kanka ka ɗauki ɗaya ka ajiye ɗaya, har ka haɗa su uku-uku masu dangantaka, da guda biyu iri ɗaya, sai ka ce ka gama. Ba agogo, ba mai kora ka. In ka ga dama ka tafi sallah ka dawo, za ka tarar suna jiranka.

Wannan na ƙarshen ne ya burge shi. Ya ce, "To suna da tarbiyya."

Rubutun da ke jikin duwatsun ba wanda ya iya karantawa a cikinmu, sai Baba ya raɗa musu suna. Masu sanduna kore ya ce rake ne. Masu ƙawanya ya ce tandar masa. Masu jan rubutu a cakuɗe, rubutun likita. Akwai ɗaya mai hoton tsuntsu, shi ne zakara. Akwai wani fari fat da ba komai a jikinsa, shi ne sabulu. Mutanen ma ba su tsira ba. Tsohon da ke hagunmu, mai sanƙo da farin gemu, ya zama Dattijo. Matar da ke fuskantarmu, mai ɗaurin gashi a tsakiyar ka, ta zama Hajiya. Na dama kuwa, mai baƙin gilashi da sigari a gefen baki, kallo ɗaya Baba ya yi masa ya ce, "Wannan ɗan tasha ne."

A ranar dai da baki kawai ya buga wasan. "Jefar da raken nan. A'a, ba shi ba, na kusa da zakara. Kai, wai ba ka gani ne?" Ni ne hannu, shi ne kai, har aka kira la'asar a wayata.

Litinin ina wajen aiki matata ta kira ni da rana, tana magana ƙasa-ƙasa daga kicin, dariya na cinta. Ta ce, "Yallaɓai, ka zauna da kyau. Baba ya ce in zo in yi wa kaset tofi."

Sai a hanyar gida, ina cikin bas, wani abu ya faɗo min a rai har na ji zufa. Na taɓa jin masu tara irin waɗannan kasusuwan suna cewa wasu na majong ɗin ba na gaban manya ba ne, wai in ka yi nasara sai matar cikin ta fara rage tufafi. Inna lillahi! Na hango Baba da carbi a hannu, Hajiya tana kwance ɗaurin gashi. Washegari da sassafe, yana ɗaki yana lazimi, na rage murya na zauna na yi ta fama har na samu nasara sau ɗaya don in ga abin da zai faru. Dattijo ne kawai ya sunkuyar da sanƙonsa ya faɗi wata magana. Hajiya ko ɗankunne ba ta cire ba. Allah ya saka mata da alheri.

Baba ya ɗora pad, wato abin dannawar, a kan matashi bisa cinyarsa, yana danna komai da yatsan hagu ɗaya kamar mai buga tafireta. Gaskiya da farko haushi abin ya ba ni. An ba ka ƙwallo don hannun dama ka tokare ƙofa da ita, ga shi ka samu abin yi da hagun da lafiyarsa ƙalau. Hannun daman yana gefe a kwance, ko a jikinsa.

Ana cikin haka wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar talabijin yana ƙyafta wuta, wasan ya tsaya. Baba ya ce, "Me kuma suke so?"

Na ce, "Dattijo ne ya ajiye dutsen da zai yi maka amfani. Ana tambayarka ko za ka karɓa ko za ka bari ya wuce. In za ka karɓa, danna wannan jan."

Ya ɗaga yatsan hagun zai danna, sai ya tsaya da shi a sama. Ya janye. Ya kama wuyan hannun damansa da hagun, ya ɗago shi kamar mai ɗauko jariri, ya ɗora a kan pad ɗin. Babban yatsan ya zame. Ya mayar da shi. Ya sake zamewa. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, goshinsa ya yi zufa, a ɗakin da sai an kunna hita ake zama. Can sai muka ji ƙit, wata murya ta yi ihu da Japananci, dutsen ya sulalo ya dawo gefen Baba.

Na ce, "Baba, ai da hagun ma zai yi. Na'urar ba ta sani ba."

Ya juyo ya yi min wani kallo da rabona da shi tun ranar gem ɗin abokina. "Dattijo ya miƙo min abu in karɓa da hagu? A gidan wa ka tashi?"

Na waiga, matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta zaro min ido alamar in na ƙara magana za mu haɗu.

Daga ranar duk sanda akwatin nan ya fito, sai Baba ya karɓa, kuma da dama. Bai taɓa bari ya wuce ba. A wajensa mutum ya ajiye maka abu a gabanka, har an tambaye ka, ka ce ba ka so, wannan wulaƙanci ne. Ya karɓi na Dattijo, ya karɓi na Hajiya yana cewa "Madalla," ya karɓi na ɗan tasha yana ɗaure fuska.

Matsalar ita ce wasan nan ba haka ake yin sa ba. Na je na karanta. Haɗa duwatsu uku-uku kaɗai bai isa ba, sai jerin naka ya dace da wani tsari da suka yarda da shi, kuma mai karɓar duk abin da aka ajiye yawanci tsarin nasa rushewa yake yi. Saboda haka Baba sai ya haɗa komai tsaf, ya gyara zama, ya danna, na'urar ta yi masa ƙiiit ta ƙi. Jim kaɗan ɗan tasha ya baje nasa ya kwashe maki.

"Maguɗi ne," in ji Baba. "Tun da na ga gilashin nan na san za a yi haka."

Da ya lura lambobin da ke ƙarƙashin gurbinsa kullum raguwa suke, na sauran suna ƙaruwa, sai ya tsare ni. "Kai, faɗa min gaskiya. Ba caca ka sa ni ba?"

Na rantse masa ba ko kwabo a ciki, maki ne kawai, in an kashe na'ura sun tafi. Ya ja carbi, sannan ya yanke wa kansa hukunci. "To ko ma mene ne, ɗan caca shi ne mai kwasar na mutane. Ni kullum nawa ake kwasa. Sadaka nake yi."

Ni fa ba na iya kallon mutum yana buga gem ba daidai ba, jinina hawa yake. Wata ranar na kasa daurewa na fara, "Baba, ka ga wannan ba kyauta ba ce, yarwa suke yi. In kana so ka ci su, sai ka riƙa barin..." Ban ƙarasa ba matata ta ƙwala min kira wai tukunya na ƙonewa. Na shiga kicin, ba komai a kan wuta.

Ta ce, "Yallaɓai, in ka koya wa Baba ƙin karɓa, wallahi jari-bolar nan taka bakin titi zan fitar da ita masu kwasar sharar council su kwashe. Kai nasara kake so ya yi, ko hannu kake so ya tashi? Ka kalli yatsan nan kuwa kwanan nan?"

Na koma na kalla. Ya daina ɗauko hannun da hagu. Da kansa yake jan jiki ya hau pad ɗin, a hankali, kamar wanda ya tashi daga barci.

Sai kuma ranar da Dattijo ya karɓi wani rake da Baba ya ajiye. Muryar nan ta yi ihu, dutsen ya sulale ya koma gefen tsohon. Baba ya yi sororo.

"Au! Ashe shi ma yana ɗaukar nawa?"

"Yana ɗauka mana, Baba. Kowa yana iya ɗaukar na kowa."

"Kenan duk kwanakin nan da hagu nake miƙa musu?" Ya dafe ƙirji. Ya kalli talabijin ya ce, da gaske fa, ba wasa, "A yi haƙuri, Dattijo. Rashin sani ne."

Daga nan ajiyewa ma ta koma dama. Na ce masa, don in ji bakinsa, ai ɗan tasha dai ko da hagu aka ba shi ba komai. Ya ce, "Shi ma ɗan mutane ne. Rashin tarbiyyarsa ba zai sa in bar tawa ba." Wasa ɗaya da ni zan gama kafin shayi ya huce, Baba yakan kai daga azahar zuwa la'asar yana yi. Ba wanda ya gaji da shi a cikin ukun nan. Kiɗan mai askirim ya zama kiɗan gidanmu, har na kama matata tana bin sa da baki tana wanke-wanke.

Da muka koma appointment, physio ta sa shi ya taɓa kowane yatsa da babban yatsansa. Ya taɓa biyu, na ukun ya kusa. Ta yi murna kamar ubanta ne, ta tambaya ko ƙwallon ce. Baba ba ya ƙarya, sai ya ce min da Hausa, "Ce mata muna ƙoƙari." Na gaya mata gaskiyar magana da Turanci, har da Dattijo da ɗan tasha. Ta yi dariya har da share ido, ta ce kada mu kuskura mu hana shi, wannan ya fi ƙwallonta. Baba ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce a ci gaba da ƙoƙari." Na san halin kayana. Ranar da ya ji an ce magani ne, ranar pad zai koma tokare ƙofa.

Amma duk da haka, lokacin cin abinci bai canza ba. "Alhamdulillahi. A kai min ɗaki." Bizarsa tana ƙarewa, na riga na yi booking ɗin jirgin komawa, akwatinsa ma an sauko da shi daga kan kabad. Na fara tunanin zai koma Kano ba mu haɗa hannu a kwano ba ko sau ɗaya, kuma da shekarunsa da wannan ciwon, ban san ko za a sake samun wata damar ba. Tsoro nake ji, amma da yake ni ɗan Baba ne, sai tsoron ya riƙa fitowa a faɗa. Na yi wa direban bas tsawa a banza, na yi wa matata ƙorafin gishiri a miyar da ba abin da ya same ta.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsa na je kasuwar Peckham da safe na samo kuka mai kyau da daddawa da naman rago. Matata ta tuƙa tuwon shinkafa, irin na ranar farko. Ta shimfiɗa leda a kan kafet a gaban talabijin, don nan ne kaɗai fili a falon. Baba yana kan kujera yana fama da mutanensa. Na zauna na buɗe kwano, tururi ya tashi.

"Baba, bismillah."

"Alhamdulillahi. A kai min..."

Bai ƙarasa ba akwatin nan ya fito yana ƙyafta wuta. Ɗan tasha ne ya ajiye tandar masa. Ina kallo babban yatsan Baba na dama ya sauka a kan jan madannin, ƙit, ba zamewa, ba cije leɓe.

Na ce, "Haba, Baba! Ɗan tasha mai sigari a baki ya miƙo maka ka karɓa. Ni tun ranar da ka sauka nake miƙo maka, ni ɗanka, ko sau ɗaya ba ka karɓa ba. Me na yi?"

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Matata ta ajiye ruwan wanke hannun da ta kawo ta koma kicin da sauri ta ja ƙofa. Ba abin da ake ji sai kiɗan mai askirim. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Baba ya kalli hannun damansa. Da ya yi magana, muryar ba ta faɗa ba ce.

"Shi ɗan tasha in hannuna ya yi rawa ba ya gani."

Na ce, "Ni ma ba zan gani ba, Baba."

"Kai? Da idon nan naka da yake bin mutum har banɗaki?" Ya ja tsaki kaɗan. Ya ture matashin gefe, ya dafa sandarsa, ya zamo daga kujera a hankali har ya zauna a kan kafet, kusa da ni, fuskarsa tana kallon talabijin. "Matso da ruwan nan. Kuma ka kalli Dattijo. In ka juyo na tashi."

Na tura masa kwanon ruwan ba tare da na waiga ba. Na ji motsin ruwa. Na ji ya yi bismillah.

Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa, mu biyu muna kallon koren tebur, Dattijo da Hajiya da ɗan tasha suna jiran Baba ya ajiye dutse, ba mai gaggawa a cikinsu. Na ji lomar farko ta faɗi a kan leda, taf. Ban juya ba. Na ji ya ja numfashi ya sake kai hannu. Ta biyun ma ina jin rabinta ne ya isa. Na ƙura wa sanƙon Dattijo ido kamar za a yi min jarrabawa a kansa, ina kai nawa tuwon baki ban san ɗanɗanonsa ba.

Can na kai hannu cikin miya, sai yatsuna suka ci karo da tsokar nama a gefena, inda ba ta a da. Tana motsi. Babban yatsan yana bayanta yana turowa, yana rawa, yana hutawa, yana sake turowa, har ya kawo ta bakin kwanon ta wajena.

Hawaye suka zubo min, na bar su, don hannuna duk miya ne. Na ce, "Na gode, Baba."

Yana kallon talabijin ya ce, "Ci abincinka."